Mai Rabuwa ko Mai Naɗewa: Yadda Wani Mai Duba Gini a Daura Ya Zaɓi Kwamfutarsa

Wanda wannan nazari ya shafa ƙanena ne, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, mazaunin Daura. Fasahar gine-gine ya karanta har babbar difloma, kuma abincinsa yana hannun ƙananan 'yan kwangila da masu gina na kansu. Shi ke fitar musu da ƙididdigar siminti da rodi da bulo, shi ke tsayawa kan magina ya tabbatar abin da ke takarda shi ke ƙasa. Yau yana Sandamu kan ajujuwa biyu da ofis, gobe Mai'adua kan jerin shaguna, jibi wani Alhaji ya kira shi Zango ya duba dekin da ya fara tsagewa. Tun da aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura a 2019, ga jami'ar sufuri, ga aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya biyo ta garin, aikin ɗakunan haya da shaguna bai yanke masa ba. A wurin gini Injiniya ake ce masa, da shi zan ci gaba da kiransa a nan.

Kwamfutar da yake da ita tun yana ɗalibi mai faɗin inci 15.6 ce, ta haura kilo biyu, batirinta ya mutu murus, da an ɗauke wuta ita ma take ɗaukewa. Saboda haka ba ta zuwa wurin aiki. A waya yake buɗe zane, yana ja da yatsu biyu yana nuna wa birkila, ko ya biya a buga masa a babbar takarda, wadda kafin mako ta sha siminti da gumi, mai gida kuma ya riga ya ce a matsar da ƙofa. A gida wayar tasa ce abin kallon iyali duk daren da babu wuta. Bayan ƙaramar Sallah ta 2025 wani aiki ya biya shi, ya ware kuɗi ya ce na'ura ɗaya yake so, ta yi masa aiki da rana, ta yi wa gida kallo da dare. Sabuwa a kwali ba ta cikin lissafi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Ta hannu za a saya, cikin waɗanda ma'aikatun Turai da Amurka suka gama da su aka kwaso.

Abin da ya zo da shi a rai

Da ya kira ni, ya riga ya yanke hukunci. "Yaya, na ga wata a hannun wani injiniya da ya zo daga Abuja. Ya cire kibod ɗin ya bar shi a mota, yana tsaye yana rubutu a kan zanen da biro. Wallahi ita nake so."

Surface Pro ya gani, ta kamfanin Microsoft, wadda ta fara fitowa a 2013. Irinta ake kira mai rabuwa: kwamfutar gaba ɗaya tana bayan gilashi, kibod ɗin mayafi ne da maganaɗisu ke riƙewa, a baya kuma akwai 'yar ƙafa da ake tokare ta da ita. Ɗaya dangin su ne masu naɗewa, waɗanda Lenovo ta fito da su da sunan Yoga a 2012, daga baya HP da Dell da sauransu suka bi. Su kibod ɗinsu ba ya fita, hinjin ne ke juyawa har ya kwantar da sikirin a bayan kibod. Duka biyun ana taɓa fuskarsu da yatsa, duka suna karɓar biro, kuma masu shago sukan haɗa su a suna ɗaya. Amma a hannu ba abu ɗaya ba ne.

Ban musa masa ba. Na dai roƙe shi ya ɗan kwana biyu yana lura da abin da yake yi da na'ura a zahiri, da kuma inda yake zaune lokacin da yake yin sa. Abin da ya fito bai yi kama da hoton da ke ransa ba. Mafi yawan lokacinsa a Excel yake ƙarewa, yana buga lambobi a takardar ƙididdiga, sau da yawa a kan benci a wurin gini, ko a gaban mota, ko a tabarma bayan isha'i. Sai gyaran zane a AutoCAD, manhajar zanen gini, zane mai shimfiɗe ba mai tsayi ba: matsar da bango, ƙara taga, fitar da fulan ya tura wa mai aiki ta WhatsApp. Tsayuwa da biro a hannu, wanda shi ne ya ja hankalinsa tun farko, 'yan mintoci ne a yini. Kallo kuwa ƙwallon Ingila ne a ƙarshen mako, da shirye-shirye masu dogon zango da uwargida ke bi a YouTube, da katun da karatun Alƙur'ani na yara.

Wannan ya fitar da iPad da tablet masu Android nan take, duk da sun fi kowa daɗin kallo da jimirin batir. Cikakkiyar AutoCAD ba ta hawa kansu, sai ƙaramar da aka yi don waya da burauza. Takardar ƙididdigarsa kuma tana da 'yan umarnin da ke haɗa lissafi da kansu, waɗanda Excel ta iPad ba ta gudanar da su. Windows ce dole.

A gaban kanta

Ya zo Katsina muka je wani shago da nake hulɗa da shi a cikin gari, wanda kayansa ke zuwa daga Legas ta Kano. Abu na farko da yaron shago ya miƙo wata ƙaramar mai naɗewa ce, inci 11.6, irin waɗanda aka ƙera wa 'yan makaranta, furosesa (ƙwaƙwalwar na'ura) Celeron, RAM (wurin da take riƙe aikin da ke buɗe) gig 4. Kuɗinta bai kai rabin na sauran ba. Ko Excel mai shafuka da yawa sai ta yi nishi, balle zane. Muka mayar.

Uku suka rage a kan kanta: HP EliteBook x360 1030 G2, da Surface Pro 7, da Dell Latitude 5300 mai naɗewa. Na so a ce akwai ThinkPad X1 Yoga, don ita bironta a jikinta yake zama kuma a nan yake caji, amma wadda ke shagon ta fi ƙarfin kuɗin da ya zo da su.

HP ɗin mai shagon ya fi turawa. "Ranka ya daɗe, wannan Core i7 ce, RAM sha shida, jikinta duk ƙarfe. Waccan fa i5 ce kawai." Kuma a ido babu wadda ta kai ta kyau. Sai dai a wannan kasuwa lambar da ke bayan i7 ɗin ta fi i7 ɗin muhimmanci. Furosesarta i7-7600U ce, kuma 7 ɗin farko yana nufin zubi na bakwai. A wannan zubin, irin waɗannan furosesoshi na siraran kwamfutoci ƙwayoyin aiki biyu gare su, ko i5 ko i7. Daga zubi na takwas Intel ta mayar da su huɗu. Wato i5-8365U da ke cikin Dell ɗin, mai ƙwaya huɗu, ta fi waccan i7 ɗin ɗaukar kaya idan an buɗe zane da Excel da burauza lokaci guda. Ga kuma maganar Windows. Microsoft ta riga ta sanar cewa ranar 14 ga Oktoban 2025 za ta daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa, in ban da 'yan tsirarun furosesoshi. Ta shagon tana ɗauke da Windows 11, amma ta bayan gida aka ɗora mata. Tana aiki, babu dai tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa lafiya, kuma mutumin da ke Daura da aikin mutane a cikin na'ura bai kamata ya zauna kan wataƙila ba.

Akwai abu na biyu da sai da muka kunna bidiyo ya bayyana. Wannan HP ɗin tana da sikirin na sirri da kamfanin ke kira Sure View, wanda idan an danna F2 na gefe ba ya ganin abin da ake yi. An yi shi ne don ma'aikacin banki da ke aiki a jirgi. Ko a kashe yake, wanda ya zauna a gefe yana ganin hoton ya ɗan dushe. Ga mutumin da zai kafa ta a tsakar ɗaki mutum biyar su kewaye ta, wannan naƙasu ne, ba ƙari ba. Ba duk 1030 ke da shi ba, amma wadda ke gabanmu tana da shi. Muka ajiye ta.

A kan Surface ɗin muka daɗe, don gaskiya tana da abin so. Sikirin ɗinta inci 12.3 ne, ɗigon hoto 2736 sau 1824, kuma yanayinsa 3:2 ne, wato ya kusa da fasalin takardar A4. Da Injiniya ya buɗe fulan ɗin wani gida a kanta ya miƙar da ita tsaye, shafin ya cika fuskar, rubutun awo ƙanana suka fito tar ba sai ya ja ba. Dell ɗin 1920 sau 1080 ce, 16:9, fasalin talabijin. Fim yana cika ta ba baƙin layi mai yawa sama da ƙasa, amma takarda a kanta sai ta zama tsiri. Nauyi kuma babu haɗi: Surface ba kibod ba ta kai giram 800 ba, Dell ɗin wajen kilo 1.4 ce. Sifikun Surface suna fuskantar mai kallo. Idan tsayuwa da biro da kallo kaɗai ake magana, ta cinye gasar ba gardama.

Sai na ce ya zauna kan bencin ƙofar shagon ya ɗora ta a cinya ya cike min layi goma na ƙididdiga. Ƙafar baya tana neman wurin tsayawa a kan gwiwa, kibod ɗin yana lanƙwasa, ga babbar riga tana zamewa. Layi uku ya yi ya ɗago ya dube ni. Mai rabuwa tebur take so, shi kuwa aikinsa ba mai tebur ba ne.

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne abin da zai faru bayan shekara ɗaya ko biyu. A Surface Pro 7 RAM ɗin a narke yake jikin allon na'ura. Gig 8 ka saya, gig 8 za ka rabu da ita. Ma'adanarta ta fayiloli ma haka, sai a 7+ ta 2021 aka sa 'yar ƙofar da ake canza ta. Batir kuwa yana bayan gilashi, gilashin kuma da gam aka manne shi, sai an ɗumama an ɓanɓare a hankali, kuma yana iya tsagewa a hannun ƙwararre ma. Masu kwance na'urori na iFixit maki 1 cikin 10 suka ba ta wajen sauƙin gyara. Wadda ta fito a 2019 batirinta ya riga ya tsufa kafin ta iso Katsina, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a nan kuma ba ya raga wa tsohon batir. Ranar da ya ƙare, tafiya ce zuwa Kano ta Kazaure, da addu'ar kada gilashin ya fashe. Ba ta da kafar HDMI ta haɗawa da talabijin, sai an sayi mahaɗi. Kibod da biro kowanne da kuɗinsa daban, mai shagon ma farashin da ya fara faɗa ba kibod a ciki. Surface mai i5 ba ta da fanka, wanda alheri ne a lokacin hazo don ba ta shaƙar ƙura, amma a bazara hanyar da take sanyaya kanta ita ce rage gudu.

Dell ɗin ba ta da kwalliya ko kaɗan. Baƙa ce, mai kauri, irin ta ma'aikata. Amma da sukurdireba ake buɗe bayanta. A ciki akwai gurbin RAM biyu, ma'adana mai cirewa, batir da ƙusoshi suka riƙe. Tana da HDMI, da kafar USB biyu irin ta filas, da USB-C, da ramin memori. Cajarta mai zagayen baki ce irin ta Dell da ke kusan kowane shagon kwamfuta, kuma tana karɓar caji ta USB-C. Duk yaron da ya iya gyaran laftof a Daura zai iya canza mata batir.

Gwaji kafin a ƙirga kuɗi

Irin Dell ɗin biyu ne a shagon, kuma da ba mu tsaya gwaji ba da ta farkon muka ɗauka, don ta fi tsabta. Na nemi a mayar da ita sabuwa fil a haɗa ta da intanet a gabanmu. Mai shagon ya ɗan yi jim, ya ce zai ci lokaci. Muka ce muna jira. Da ta tashi ta kama intanet, sai ga sunan wani kamfani na ƙasar waje a fuskarta tana neman imel ɗin ma'aikaci. Ma'aikatar da ta yi amfani da ita ba ta cire ta daga rajistarta ba. Masu shago suna da dabarar tsallake wannan shafi, kwamfutar ta yi ta aiki lafiya, amma duk ranar da aka sake ɗora Windows aka haɗa da intanet maganar na iya dawowa. Shi kansa mai shagon ya ce bai sani ba, kuma na yarda da shi, a kwali ɗaya suke zuwa masa.

Ta biyun ta wuce wannan. Muka kashe ta muka kunna muna danna F2 don shiga BIOS, wato saitin tushe na na'urar, babu kalmar sirri a kai. A nan ne kuma Dell ke nuna ƙarfin cajar da aka soka mata. Cajar farko da yaron ya kawo, wurin ya nuna bai gane ta ba. Irin wannan cajar tana iya kunna na'ura amma ta ƙi cika batir, har ta sa kwamfutar ta rage gudu. Aka canzo wata, ta nuna wat 65.

Batir ba a tambayar mai shago, ana tambayar Windows. A baƙin shafin umarni aka rubuta powercfg /batteryreport, ta fitar da rahoto mai lambobi biyu: abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. Wannan samfurin yana zuwa da batir iri biyu, mai wat-awa 42 da mai 60. Tamu mai 60 ce, kuma abin da ya rage mata ya ɗan haura kashi uku cikin huɗu. Na Surface ɗin, da muka duba don kwatance, ya fi haka zaizayewa.

Sai fuskar taɓawa. Injiniya ya buɗe manhajar zane ta Paint ya riƙa jan layi da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya bi gefe-gefe har ya zagaye. Inda layi ya yanke, nan wurin ya mutu, kuma a gefe matsalar ta fi ɓuya. Babu inda ya yanke. Muka cika fuskar da fari, muka cika ta da baƙi, don ganin tabo ko ɗigon da ya mutu. Hinji kuwa shi ne ran mai naɗewa. Ya buɗe ta rabi ya sake, ta tsaya. Ya kafa ta a kife, baki biyu a ƙasa, ya taɓa fuskar da ɗan ƙarfi, ba ta zube ba. Ya naɗe ta gaba ɗaya ya danna maɓallan da suka koma baya don tabbatar sun daina aiki, sun daina. Na duba kusurwoyin da hinjin ya kama jiki ko akwai tsaga ko alamar gam, na kuma kwantar da ita a kan gilashin kanta don ganin ko cikinta ya kumbura.

A ciniki ba mu matsa a rage kuɗi sosai ba, muka nemi a ƙara RAM gig 8 a gurbi na biyu ta zama 16. AutoCAD gig 8 ne mafi ƙarancin abin da take nema, kuma sanda biyu na RAM suna taimaka wa injin hoton Intel UHD 620 da ke ciki, tunda daga RAM ɗin yake aro. A gabanmu aka buɗe aka sa. A rasit aka rubuta lambar jikin na'urar da kwanakin garanti. Injiniya ya biya, amma har muka fito idonsa na kan Surface ɗin.

Biro

Wannan ya zo daga baya kuma ya ɗan ba da wahala. Ba kowane biro ke rubutu a kowane sikirin ba. Akwai tsarin Microsoft da Surface ke bi, akwai tsarin AES na kamfanin Wacom da wannan Dell ɗin ke bi, kuma masu kan roba da ake sayarwa a shagunan waya yatsa ne kawai mai tsini, ba sa jin nauyin hannu, ba sa hana tafin hannu ɓata shafi. Daga Kano aka aiko masa da na Dell. Batirinsa AAAA ne, wanda ya fi na rimot siranta, kuma ba abin da za ka shiga kanti a Daura ka tambaya ba ne. Yanzu duk mai zuwa Kano yana cikin saƙon da yake ba shi.

Yadda ta kasance a wurin aiki

Bazara ta fara gwada ta. A rana tsaka gilashin yana ƙyalli, haskensa kuma matsakaici ne, don haka duk bayanin da zai yi sai an koma inuwar bedi ko cikin ɗakin da aka riga aka rufa. Riƙe ta a hannu ɗaya a tsaye ba ya wuce 'yan mintoci kafin dantse ya gaji. Abin da ya saba yi shi ne ya naɗe ta ya ɗora kan jerin bulo ko sirdin babur.

Na taɓa tarar da shi a wani gini a hanyar Mai'adua suna jayayya da mai ɗaurin rodi, dattijo ne da ya girme shi nesa. Zoben da ke kama rodin ginshiƙi an ba su tazara fiye da yadda zane ya ce. Maimakon ya buɗe fulan, sai ya ɗauki hoton ginshiƙin da waya, ya tura kwamfutar, ya ja jan layi a kan hoton daidai inda kowane zobe ya kamata ya zauna, ya rubuta awon a gefe. "Baba, duba nan. Kusa da sama da kusa da ƙasa a matse su, tsakiya ne za a sake." Dattijon ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa mai tsatsa a kan gilashin ya ƙirga layukan, ya ce, "To, Injiniya, ai da haka ka nuna min tun jiya." Hoton da jan layin a kai shi aka tura wa mai ginin da ke Kaduna a daren. A ganina wannan ne amfanin biron na gaske: ba zane yake yi da shi ba, shaida yake kafawa, kuma mai aikin da bai iya karanta fulan ba yana gane hoton aikin hannunsa.

Excel da AutoCAD mai shimfiɗe suna tafiya ba gargada. Da Oktoba ta zo Windows 11 ɗinta na karɓar sabuntawa yadda ya kamata. Fanka tana tashi da ƙarfi da rana, kuma da hunturu ya shigo sai da aka buɗe bayanta aka hure ƙura, aikin minti goma.

Yadda ta kasance a gida

A nan ne haɗa aiki da kallo a na'ura ɗaya ya nuna tsadarsa, kuma ba daga inda ake zato ba. Idan akwai wuta, wayar HDMI ce zuwa talabijin, shi ke nan. Idan babu, ana kafa ta a kife a kan tabarma, wanda ya fi ɗora ta kan katifa don katifa tana toshe mata mashaƙar iska. Sautinta bai isa tsakar gida ba, sai da aka haɗa da ƙaramar sifika ta Bluetooth.

Batir ɗaya ne, masu haƙƙi a kansa biyu. Daren da aka kalli wasa biyu a jere babu wuta, da safe Injiniya ya isa wurin aiki da na'ura a mace. Fawa bank ɗin wayarsa bai tsinana komai ba, don laftof tana son mai fitar da wuta mai ƙarfi ta USB-C. Ya sayi mai wat 65, mai ɗaukar 20,000mAh, wanda a lissafi wajen wat-awa 74 ne. Bayan asarar da ake yi a hanya yana cika ta kusan sau ɗaya. Dokar gidan yanzu ita ce fawa bank na aiki ne, ba a taɓa shi don kallo, kuma uwargida ce ta fi shi tsare dokar.

Data ma ta shiga lissafi, musamman bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Babban sikirin yana jawo YouTube ya zaɓi hoto mai nauyi da kansa, kuma bidiyo mai tsabtar gaske yana iya cin gig 3 a awa ɗaya. Sun koyi saukar da shi zuwa 480 da hannu, wanda a inci 13 daga nesa kaɗan ba ya damun kowa. Mai tunanin sauke fim a Netflix inda akwai intanet ya kalla a gida ya sani cewa tun 2024 manhajarsu ta Windows ta daina ba da damar saukewa, sai a waya ko tablet. Su dai galibi wurin masu tura fina-finai ake kai memori a cika, a buɗe da manhajar kallo ta VLC.

Memorin nan da ke yawo shago-shago shi ya sa na dage a buɗe wa gida asusu na daban a kwamfutar, marar ikon ɗora manhaja, nasa kuma ya sa masa lambar sirri. A cikin na'urar akwai farashin da ya ba wannan ɗan kwangila da wanda ya ba wancan, kuma yaro ɗan shekara biyar da fuskar taɓawa a gabansa yana iya jan babban fayil ya jefa inda ba a sani ba. Ayyukansa kuma duk mako yana kwafe su a filas da ba ya barin jakarsa. Maiƙon hannun yara a gilashi kuwa ba shi da magani sai tsumma.

Inda ba ta kai ba

Ba zan ce mai rabuwa ba ta da gida ba. Malamin jami'a da yininsa karatu ne da gyaran rubutun ɗalibai a kan tebur, ko likita mai zagayen ɗakin marasa lafiya, ita zan nuna masa, musamman in kuɗinsa sun kai Surface Pro 7+ ko 8. Injiniyan Abuja da ƙanena ya gani ma zaɓinsa daidai ne: zuwa yake ya duba ya sa hannu ya koma ofis mai sanyi, inda wata kwamfutar ke jiransa. Na ƙanena na'ura ɗaya ce tilo, a cinya take yini, kuma mai gyaranta na kusa yana da sukurdireba ne ba injin ɗumama gilashi ba.

Abin da Dell ɗin ta kasa shi ne abin da kasuwa ta fara nema. Masu gini yanzu, musamman 'yan kasuwa da ke aiko da kuɗi daga Abuja da Legas, ba fulan kaɗai suke so ba, suna so su ga hoton gidan a tsaye da fenti da fitilu kafin a haƙa harsashi. Manhajojin da ke fitar da irin wannan hoto suna buƙatar katin hoto na musamman, wanda babu shi a ko ɗaya cikin ukun da muka duba, kuma siraran kwamfutoci masu naɗewa ba kasafai ke zuwa da shi ba. A yanzu wani abokin karatunsa a nan Katsina, mai babbar kwamfutar tebur, yake tura wa zanen ya fitar masa su raba kuɗin. Yana tara na tasa kwamfutar tebur ɗin, amma kafin ita sai ya ƙara faranti da batir a solar gidansa, don wadda ke akwai fitilu da fanka kaɗai take ɗauka.